Tarin tsohon katako a bayan ɗaki: ta ina zan fara kayan adon biki?

Tambaya: An yi mana gyaran gida, an bar tarin tsofaffin katakai a bayan ɗaki. Akwai guntayen falanki, da tsohuwar ƙofa mai fenti, da falet guda uku, irin shimfiɗar katakon nan da ake ɗora kaya a kai. Biki na matsowa, ina son ni da yarana mu yi kayan ado masu kama da na dā, taurari da ƙaramar bishiya da mazaunin kyandir. Na gwada tauraro ɗaya, katakon ya tsage, kuma da na rataye shi sai ya yi kama da shara. Zarto da guduma kawai gare ni. Ta ina zan fara?

Amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari. Kada tauraron da ya tsage ya karya miki gwiwa, nawa na farko ma bai kai yamma a bango ba. Na daɗe ina aikin kafinta, kuma yawancin abin da ke fita daga hannuna yanzu da tsohon katako nake yin sa, don haka bari in gaya miki yadda abin yake. Haɗa tauraro ko bishiya shi ne ƙaramin aiki, awa ɗaya ta ishe shi. Babban aikin yana wurin tarin nan na bayan ɗaki: ki san wane katako zai shiga gida, wanne ba zai shiga ba, sannan ki tsabtace wanda kika zaɓa ba tare da kin goge masa tsufansa ba. Tsufa daban, datti daban. Abin da kika rataye ya yi kama da shara ne don dattin na nan a jikinsa, kuma ina kyautata zaton bakunansa duk a yage suke.

Mu fara da falet ɗin. Ki juya kowanne ki duba jikin ƙafafunsa, wato guntayen nan masu kauri da ke ɗauke da falankan. Idan an taɓa tsallaka iyakar ƙasa da kaya a kansa, za ki ga hatimi da aka ƙona ko aka buga da tawada: wata alama mai kama da zangarniya da haruffan IPPC a gefenta, sai haruffa biyu na ƙasar da aka yi shi, sai lambar wanda ya yi aikin, sai wasu haruffa biyu. Waɗannan na ƙarshe su ne abin nema. Hatimin ya fito ne daga wata ƙa'ida ta duniya mai suna ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002 don kada ƙwarin itace su riƙa bin katakon kaya suna shiga ƙasashen da babu su. In kin ga HT, zafi kawai aka ba katakon, har tsakiyarsa ta kai digiri 56 a ma'aunin Salshiyos na aƙalla minti 30. Babu magani a jikinsa, wannan naki ne. In kin ga MB, turara shi aka yi da iskar metil buromaid, wadda guba ce mai ƙarfi, kuma tana cikin abubuwan da ke lalata rigar ozon ta sararin sama, shi ya sa Tarayyar Turai ta daina amfani da ita tun 2010. Ni mai MB ba ya shiga wurin aikina, balle ɗakin da yara ke birgima a ƙasa. Wani lokaci za ki ga KD, ma'anarsa an busar da shi a tanderu, ko DB, wato an ɓare masa ɓawo. Waɗannan babu abin damuwa a cikinsu.

Sai dai hatimi yana faɗin abin da aka yi wa katakon ne kafin ya fara aiki, ba ya faɗin abin da ya zube masa daga baya. Nan sai ido da hanci. Baƙin tabo mai maiƙo, farin gari da ya maƙale, warin magani ko na man inji, duk wanda kika ga haka ki ajiye shi gefe, ko da HT ne a jikinsa. Wanda babu hatimi ko kaɗan galibi na zirga-zirgar cikin ƙasa ne, shi ma da ido da hanci za ki yanke masa hukunci. Wanda kuma aka shafa wa fenti shuɗi ko ja a gefunansa gaba ɗaya, na kamfanonin da ke ba da falet haya ne, shuɗin nan alamar wani kamfani ce mai suna CHEP. Da mai shi, a mayar masa da kayansa.

Ƙofar nan mai fenti ita ce ta fi tsaya mini a rai a cikin tambayarki. Na san ita ce ta fi kyau a tarin, fentin da ya tsattsage yana nuna wani launin a ƙarƙashinsa, irin abin da mutane ke ɓata kwana guda suna ƙoƙarin kwaikwayo. Amma tsohon fenti sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Amurka sai a 1978 ta hana sa dalma a fentin gidaje, wasu ƙasashen sun yi dokar daga baya da nisa, wasu har yau ba su da ita. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da aka sani ba ya cutarwa. Hanyar da take bi ta shiga jiki ita ce ƙura, wato daidai abin da sanfefa ke tayarwa, da ɓarɓashin da ƙaramin yaro ke tsinta ya kai baki. Fentin da ya tsage gida-gida kamar fatar kada yakan zama alama, amma ido ba ya tabbatarwa. Akwai ɗan tsinken gwaji da ake gogawa a jikin fenti ya canza launi in akwai dalma. In ba ki samu kin gwada ba, ki ɗauka akwai. Kada a goge ta, kada a kankare ta a bushe, kada a ƙona ta. A aikin da za a yi da yara, ki cire ƙofar daga lissafi kawai. Zan nuna miki yadda ake samun wannan kamannin da sabon fenti.

Wasu katakai biyu kuma da ba a taɓawa. Na farko shi ne mai ɗan kore-kore a jikinsa, irin na shinge da turaku da duk abin da aka yi don ya zauna a waje. Sau da yawa an dura masa maganin CCA ne, haɗin kuromiyam da jan ƙarfe da asinik, kuma asinik guba ce tsantsa. A Amurka an daina sa shi a katakon gidaje daga ƙarshen 2003, amma wanda aka riga aka yi yana nan ko'ina. Ƙurarsa illa ce, tokarsa ta fi. Na biyu shi ne baƙi mai warin kwalta, na layin dogo da turakun lantarki. Wannan ko hancinki zai hana ki.

Abin da ya tsira daga wannan tankaɗe, sai a duba lafiyarsa. Ki danna masa ƙusa da hannu a wurare uku ko huɗu. In ta lume kamar a soso, ya ruɓe ko gara ta cinye cikinsa, babu abin da zai riƙe. Ƙananan huji kamar na allura kuwa su ne ma adon tsohon katako, matuƙar mai hujin ya tashi. Don ki gane, ki ɗora falankin a kan baƙar leda ko takarda mai duhu na kwana uku. In kin tarar da sabon gari mai laushi a ƙarƙashin hujin, ƙwaron na ciki yana aiki, kuma in ya shiga gida, kujeru da gadaje zai koma. Guntaye ƙanana ana iya ɗaure su a leda a sa a firiza na mako guda. Babba kuwa ki haƙura da shi.

Yanzu wanki. Ruwa da sabulu da buroshi mai tauri, ki bi tsawon katakon kamar yadda jijiyoyinsa suka kwanta, ki ɗauraye, kada ki jiƙa shi ya kwana a ruwa. Sannan ki jera shi a inuwa inda iska ke wucewa, da 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa. In kika baza shi a rana mai zafi, sama za ta bushe ta bar ƙasa, sai ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Bayan ya bushe ki shigo da shi cikin gida ya yi mako ɗaya ko biyu kafin ki yanka. Dalili shi ne katako yana shan laimar iska yana kuma fitar da ita, yana kumbura yana motsewa, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, a tsawonsa kusan babu. In kika haɗa shi da laima a jiki, bayan kwanaki zai motse ya ja ƙusa, sai ki ji ƙas cikin dare. Saboda wannan zaman jiran nake cewa mai son ado ranar biki ya taɓa tarinsa tun saura wata guda.

Wargaza falet shi ne inda mutane ke zubar da gumi a banza. Ƙusoshinsa masu murɗaɗɗen jiki ne ko masu zobba, da bindigar ƙusa aka harba su, an yi su ne musamman don kada su fita. Falet ɗin Turai mai santimita 120 da 80, ƙusa 78 ce a jikinsa. In kika sa ƙarfe kika ɓamɓara da ƙarfi, falankin ne zai tsage ya bar ƙusar tana kallonki. Tunda zarto gare ki, ki rabu da ƙusoshin. Ki yanka falankan daga cikin layin ƙusa zuwa cikin layin ƙusa na gaba, ki bar wurin ƙusar a jikin ƙafafun. A irin falet ɗin da na ambata za ki samu guntaye masu tsawon kusan santimita 38, lafiyayyu, kuma yawancin kayan ado ba su wuce haka ba. In kina buƙatar dogo guda ɗaya ko biyu, ki fere guntun katako mai tauri ya yi baki kamar gatari, ki riƙa buga shi a hankali tsakanin falankin da ƙafar, nan kaɗan can kaɗan, har ya ɗago. Sai ki juya falankin ki bugo ƙusar ta wajen tsininta ta koma baya, ki zare ta. Kada ki zubar da su, tsohuwar ƙusa mai tsatsa ta fi kowace sabuwa kyau a matsayin maratayi. Ki zuba su a gwangwani nan take, kada ɗaya ta kwana a ƙasa, ki sa takalmi mai rufi da safar hannu. Sokewar ƙusa mai datti hanya ce ta cutar tetanus, kuma allurar rigakafinta duk shekara 10 ake sabuntawa.

Kafin zarto ya taɓa kowane tsohon falanki, ki bi jikinsa da maganaɗisu. Akwai ƙusoshin da kansu ya karye suka nutse, ba a ganinsu. Na taɓa rasa haƙoran sabon zarto guda huɗu a kan irin wannan, a falankin da na rantse na duba.

Sai sanfefa, kuma a nan ne ake kashe aikin. Launin toka-toka ko ruwan ƙasan da kike so a jikin tsohon katako bai fi kaurin takarda ba. Rana da iska ne suka yi shekaru suna rina shi. In kika dage da guga, cikin minti biyu za ki isa ga farin katako, ki koma da sabon falanki mai ramukan ƙusa, wanda ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Ki samo sanfefa mai lamba 120, ki naɗe ta a guntun katako, ki shafa fuskar sau uku ko huɗu kawai, don sartse ya kwanta. Ƙarfinki ki kai shi ga gefuna da bakunan da kika yanka, ki kashe musu kaifi har yaro ya iya shafawa ba tare da ya ja hannu ba. Gwajin da nake yi shi ne in ja tsohuwar safa a jikin katakon, duk inda ta maƙale akwai sauran aiki. Ki yi gugar a waje, da takunkumi irin N95 ko FFP2. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansa tun 1995. Maganar ta fi shafar irinmu da ke shaƙarta shekara da shekaru, amma ƙurar tsohon katako da funfuna take tafe, ko ta yini ɗaya tana iya tayar wa mai asma ciwonsa.

To me ya tsaga tauraronki? Ƙusa ba ta cire katako ta yi wa kanta wuri, tura jijiyoyin take yi gefe da gefe. A tsakiyar falanki akwai naman da zai jure, a bakinsa babu, ga shi tsohon katako ya bushe ya daina miƙewa. Magani biyu ne. In kina iya aron injin huda, ki fara huda rami ɗan siriri da bai kai kaurin ƙusar ba. In babu, ki kifa ƙusar a kan dutse ki ɗan bugi tsininta da guduma ya dakushe. Dakusasshiyar ƙusa murƙushe jijiyoyin take yi ta wuce, mai tsini kuwa raba su take yi. Mutane kan yi dariya in na faɗi wannan, har sai sun gwada. Ki ƙara da farin gam na katako a duk mahaɗa, ki danne da wani abu mai nauyi, ki ba shi awa 24 kafin ki ɗaga. Gam ba ya kama datti, don haka daidai wurin da za a manna, shi kaɗai za ki goge har sabon katako ya fito.

Bari mu sake tauraron, wannan karon da awo. Mai tsini biyar sanduna biyar yake ci, tsawonsu ɗaya, kuma sirara, don hawa juna suke yi. Falankin falet ya yi kauri da faɗi, in kika ɗora biyar a kan juna tsani za ki samu. Ki tsaga falankin a tsawonsa, ki fitar da sanduna masu kaurin kamar milimita 8, ko ki nemi sirara na tsohon akwati. A ce tsawon kowace santimita 38 ne. Ki yi alama santimita 2 daga kowane baki, tsakanin alamomin ya zama 34, ki huda a wurin. Ki shimfiɗa su a ƙasa yadda yaro ke zana tauraro ba tare da ya ɗaga fensir ba, bakin wannan a kan bakin waccan, ki soka ƙusa ko ki ɗaura zare a kowace mahaɗa sako-sako, yadda za su iya motsi. Yanzu ga abin da ke raba tauraro da gizo-gizo: tazarar da ke tsakanin tsini da maƙwabcinsa dole ta zama ɗaya duk zagayen, kuma ana samunta ne in an ninka tsawon da 0.618. A namu, 34 ya ba da santimita 21. Ki yanki tsinke mai santimita 21, ki zagaya da shi daga huji zuwa huji, kina turawa kina ja har duka biyar su yarda. Da sun yarda, kowane tsini ya zauna a kan digiri 36 da kansa, ba sai kin auna kusurwa ba. Sai ki ɗiga gam a wuraren da sandunan suka gitta juna, ki ƙarasa ƙusoshin, ki naɗe kowane tsini da igiyar rama zagaye biyar ko shida. Igiyar tana ɓoye kan ƙusa, kuma tana riƙe bakin in ya so tsagewa. Mai son babba, in tsakanin hujin ya kai santimita 50, tazarar 31 ce.

Bishiya ta fi sauƙi. Doguwar sanda ɗaya a tsaye, falankai a gicciye suna raguwa zuwa sama, misali santimita 38, 33, 28, 23, 18, 13, 8, da tazarar yatsa biyu tsakaninsu. Ki kafa su ta baya, ƙusa biyu kowanne, don mai ƙusa ɗaya juyawa yake yi. Kada ki zaɓi masu launi ɗaya, ki cakuɗa mai duhu da mai haske, in akwai mai hatimin HT a jiki ki bar shi ya fito fili. Gindin ya zama mai nauyi da faɗi. A ƙa'idata faɗinsa ba ya gaza kashi ɗaya cikin uku na tsayin bishiyar, kuma in akwai mai rarrafe a gidan, ki rataye ta a bango ki huta. Wadda na fi so ita ce wadda ake huda kowace sanda a tsakiya a zura su a jikin ƙarfe guda, a murza su su bazu kamar rassa. Bayan biki a mayar da su layi ɗaya, ta shige bayan kabad. Ita dai sai da injin huda.

Mazaunin kyandir, ƙafafun falet ne suka dace da shi, amma ki duba su tukuna. Da yawansu garin katako ne da aka matse da gam, za ki ga jikinsu ɓarɓashi-ɓarɓashi, waɗannan kumbura suke yi su ruguje. Na katako zalla kike so. Ƙaramin kyandir ɗin nan mai kwanon gwangwani faɗinsa kusan milimita 38 ne, ramin 40 ke ɗaukarsa. Sai dai ina roƙonki, kada wuta ta zauna kai tsaye a kan busasshen katako. Ki sa kyandir a cikin ƙaramin kofin gilashi, kofin ne zai zauna a kan katakon, ki kewaye gindinsa da 'yan sanduna huɗu don kada ya zame, kin ga ba ki ma buƙaci huda ba. Igiyar rama da busassun ganye su yi nesa da shi. In da yara ne a ɗakin, na batir ya wadatar. Fitilun zare da za ki naɗa wa tauraro da bishiya su ma su zama LED, don ba sa yin zafi irin na tsofaffin ƙwayaye.

Saura launi. Duk inda zarto ya bi zai fito fari tas a tsakiyar tsohon jiki, kuma shi ne ke tona asirin aikin. Maganinsa ruwan khal da soson ƙarfe. Ki samo soso na baƙin ƙarfe, irin mai laushi da ke yin tsatsa, domin mai walƙiyar nan da ba ya tsatsa ko wata ya yi a ciki babu abin da zai faru. Ki wanke shi da sabulu, ki yayyaga shi cikin rabin lita na ruwan khal a kwalba, ki ɗora murfi ba tare da kin ɗaure ba, saboda haɗin yana fitar da iskar haidurojin. Bayan kwana ɗaya zuwa uku ki tace. Ruwan ba rini ba ne, ƙarfen da ya narke a ciki ne ke haɗuwa da sinadarin tanin na jikin katako, irin wanda ake jeme fata da shi, sai wurin ya yi toka-toka ko baƙi. Katako mai yawan tanin, irin itacen da ake kira ok da Turanci, nan da nan yake duhu. Falet kuwa yawanci farin katako ne mai laushi, irin su fain, taninsa kaɗan ne, don haka ki fara shafa masa ruwan baƙin shayi mai kauri, ya bushe, sannan ki bi da ruwan khal ɗin. Kada ki yi gaggawar ƙarawa. Da fari za ki ga kamar ruwa kika shafa, sai bayan minti 15 zuwa 30 launin ke fitowa. Ki gwada a guntun da za ki zubar, in ya yi duhu da yawa ki sirka da ruwa. Yana ɓata tufafi da farce, a sa safar roba.

Ga kuma kamannin tsohuwar ƙofar da na hana ki. Ki shafa fentin ruwa mai duhu ya bushe. Ki goga gindin kyandir a gefuna da duk inda hannu zai riƙa taɓawa da a ce kayan ya shekara ashirin ana amfani da shi. Ki shafa fenti mai haske a kai. In ya bushe ki bi da sanfefa a hankali, duk inda kakin yake fentin sama zai tashi ya bar na ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi wannan ɓarewar ko'ina daidai wa daida kamar zanen atamfa. Kaya ba ya tsufa haka, gefe da kusurwa yake fara ci. In farin hazo kawai kike so, ki sirka farin fenti da ruwa rabi da rabi, ki shafa, ki share da tsumma tun bai bushe ba, farin zai zauna a cikin jijiyoyin. Banish mai sheƙi kuwa ki bar shi a gwangwaninsa, yana mayar da tsohon katako kamar roba. Kakin zuma da aka narka da ɗan mai, a shafa a goge, ya isa ga abin da zai zauna a cikin ɗaki.

In kin yi amfani da man linsid, wato wani mai da kafintoci ke shafa wa katako, ki kula da tsumman da kika shafa shi da su. Man yana bushewa ne ta hanyar haɗuwa da iska, kuma haɗuwar tana fitar da zafi. A jikin katako zafin watsewa yake yi, a cikin dunƙulallen tsumma kuwa taruwa yake yi har ya kama da wuta, ba ashana ba komai. Wata rana na dunƙule guda uku na jefa a kwali na fita, da na dawo bayan 'yan awoyi na tarar da wurin ya cika da wani wari mai ɗaci, tsakiyar tsumman ta yi baƙi tana hayaƙi, gefen kwalin har ya fara canza launi, ga buhun garin katako a kusa da shi. Tun ranar duk tsumman mai sai na baza shi ɗaya-ɗaya a kan siminti a waje har ya bushe ƙamas, ko in nutsar da shi a gwangwanin ruwa.

Rabon yara a aikin: wanki, jera sanduna, zagayawa da tsinken awo, naɗa igiya, goga kyandir da shafa fentin ruwa. Zarto da wargaza falet da ruwan khal naki ne. Ƙananan guntayen da suka rage ki yanka musu su murabba'i-murabba'i, ki kashe kaifin, kowane yaro ya rubuta harafi ɗaya a kan kowanne, a zura a igiya a rataye gaisuwar bikin a bakin ƙofa. Harafin da ya karkace kada ki gyara.

Wajen ratayewa, ki ɗaga kayan ki ji nauyinsa tukuna. Tauraron sirara ƙusa ɗaya ta ishe shi, bishiyar falanki kuwa tana son sukuru da ya shiga bango sosai, da waya a bayanta maimakon igiya, don igiyar rama tana saki da daɗewa. Bayan biki ki kaɗe ƙurar da busasshen buroshi, ki cire batir daga fitilun don kada ya zube a ciki, ki naɗe kayan da takarda ko tsohon zane. Kada ki ɗaure su a leda, tana tara laima funfuna ta fito. Ki ɗora su a kan kanta, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa, ki kuma shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashinsu, in akwai ƙwaron da ya tsere wa gwajin farko, garinsa zai nuna kafin baɗi.